Kilishin da Ya Buɗe Mana Baki

Ni dai na yi yawo. Na bi motar albasa daga Illela har Ikko, na kwana a tashar Kumasi, na sha shayi a Agadas da mutanen da ba mu jin yaren juna. Abin da na tsinto a yawon nan bai da yawa, amma na riƙe guda: mutumin da ba ku sa hannu kwano ɗaya ba, gaisuwa ce kawai tsakaninku.

Sai da gemu ya fara furfura anka haɗa ni aiki da mutanen da ko inuwarsu ban taɓa gani ba. Wata ƙungiya ce ke tura wa manoman albasa saƙon murya ta waya, shawara kan shuka da ajiya. Mu huɗu ne. Akwai Malam, tsohon malamin gona da ya yi ritaya a Zariya, shi ke duba ko maganar daidai take. Akwai mutumin Jos mai haɗa sauti. Ni ke karantawa, wai muryata ta yi kama da ta wanda ya girma cikin lawashi. Shugabarmu kuwa yarinya ce a Kaduna, sa'ar ɗiyata ta fari, ita ke rubuta saƙon. Kawu take ce mini. Ni kuma in ce ranki ya daɗe, ta ce don Allah in bari, in ƙi.

Kowace Laraba bayan azahar muke taro ta waya, murya zalla, don kowa na tattalin data. Wayata kuwa 'yar iyaka ce kamar mai ita. In na zauna zaure sai ta tsallaka Konni ta kama layin Nijar, ba ta tuna ita 'yar Najeriya ce sai na hau saman soro. Can nake zama, rana tsaka da ka, da malafa da butar ruwa. Ban faɗa wa kowa ba. Mi zan ce? A ɗaga taro don tsoho na jin zafi?

Taron namu kuwa lafiya lau yake tafiya, lafiyar da ta yi yawa. Shugaba ta karanta abin da ta rubuta, ta ce ko akwai gyara. Malam ya ce, “To, madalla.” Mutumin Jos ya ce, “Ba damuwa.” Ni in ce Allah shi yi albarka. Mu watse.

Mu nan ba a gyara wa mutum magana cikin taro. Bari ake a tashi, ka bi shi bakin ƙofa, shina neman takalminshi kana neman naka, sannan ka ce, af, na ce ba, zancen nan na ɗazu. Taron waya kuwa ba shi da bakin ƙofa. Ana latsawa kowa ya ɓace.

Haka wani saƙo ya fita shina cewa da an cire albasa a yanke lawashi a zuba buhu. Na je suna Gidan Katta, wani manomi ya tashi gaban mutane ya kwaikwayi muryata tsaf, har da gyaran murya, anka yi ta dariya. Ya ce wanda ya rubuta wanga bai taɓa shaƙar ruɓaɓɓiyar albasa ba. Magana ba ta neman mota, ta isa Kaduna kafin mako ya zagayo.

Shugaba ta kira ni ni kaɗai.

“Kawu, kun san ba daidai ba ne?”

Na ce na ɗan yi zato.

“Malam ma ya sani?”

Na hau gyaran malafa.

“Na tambaye ku fa, Kawu. Kullum sai na tambaya.” Muryar ta sauka ƙasa. “In mutane uku ba za su iya ce mini na yi kuskure ba, ba shugaba ba ce ni, baƙuwa ce. Laraba zan gaya muku na ajiye aikin.”

Na ce ta yi mini alfarma ta ƙara mako, akwai saƙo a hanya. Ba wani saƙo a hanya lokacin, sai da na sauko daga soro na ƙirƙiro shi.

Na nufi wurin tsohon da ke kilishi bakin tasha, na ce a yi mini ƙunshi huɗu masu kyau, uku tafiya za su yi. Ya ce ina? Na ce Kaduna da Zariya da Jos. Ya gyaɗa kai. Ashe shi a wurinshi duk abin da ya wuce Gusau kudu ne, mutanen kudu kuwa ya ji ance yaji ne abincinsu. Bai so a raina Illela.

Na ba direbobin albasa, irin saƙon da ba takarda, sai “ka ba wane shi ba wance”. Sharaɗi na kafa: kada wanda ya buɗe sai Laraba, kuma ranan kowa shi kunna kyamara, data ta ƙare in ta so.

Laraba ta zo. Malam mai muryar nan kamar ganga ashe ɗan firit ne, hula ta kusa rufe mishi kunne. Mutumin Jos na rungume da jaririya. Shugaba kuwa idanunta sun nuna ba ta samu barci ba. Munka yi bisimilla, mutumin Jos ya yi tashi addu'ar, kowa ya ɓalla ya kai baki.

Na ji zafin yajin tun a loma ta farko. Amma ni na aiko, sai na daure.

“Malam, yaya?” in ji Shugaba.

“To,” ya ce, hawaye na bin kumatunshi. “Madalla.”

“Ba damuwa,” in ji mutumin Jos, shina share hanci da zanen goyon jaririya.

Shugaba ta dube su, ita ma tana shan iska ta baki. Sai Malam ya yi atishawa har hular ta faɗi, ya manta ana jin shi, ya juya wajen matarshi ya ce, “Hajiya, ruwa. A'a, kawo randar.” Ya juyo ya kalle ni. “Alhaji, tsakaninka da Allah, me muka yi maka?”

Na ce ai ɗan kaɗan anka sa, don an san 'yan boko ne.

“Ɗan kaɗan? Ni da na yi shekaru ina koyar da noman barkono, yau ya rama.”

Dariyar da munka yi har jaririya ta farka. Karo na farko da na ji dariyar Shugaba, irin mai sa mutum kifa kai a tebur.

Da dariya ta lafa, Malam ya sha ruwa, ya mayar da hula. Ya ce, “To, tunda bakin ya riga ya ƙone. 'Yata, saƙon nan na ajiya na ga kuskuren tun ranar. Albasa sai ta sha iska a inuwa wuyanta ya bushe kafin a taɓa lawashi. Na ji nauyin in faɗa gaban mutane. Ki yafe wa tsoho.”

“Akwai saura?” ta ce.

“Akwai.”

“To mu ji.”

Ya faɗa, ta rubuta. Mutumin Jos ma ya ce rubutun na zuwa mishi a makare, shi ya sa wani lokaci nake fita kamar mai magana cikin rijiya. Tana cikin rubutu ta ɗago, ta matso da fuska jikin waya.

“Kawu, wai a rana kake?”

Na ce iska nake sha.

“Wace iska? Ga gumi nan har gemu. Tun yaushe?”

“Tun farko, ɗiyata. In na sauka, Nijar za ta ɗauke ni.”

Ta daɗe tana kallona, ni da malafata. Ta sa bakin mayafi ta goge ido, ta ce yajin ne. Munka yarda.

“Yaushe inuwa ke zuwa soron?”

“Bayan la'asar, itacen bedin maƙwabci na rufe shi.”

“To Laraba mai zuwa bayan la'asar,” ta ce. “Malam, ka zo da gyaranka. Kawu kuma kada ya sake aiko mana komai sai ya ɗanɗana.”