Gurgun Burodi

Shekara uku na yi ina kwaɓa fulawa a wani gidan burodi a unguwar Bolori, har yau in na ji ƙamshin bota sai kafaɗuna su tuna. Albashin ba na a zo a gani ba ne, amma akwai wata al'ada da ke rufa mana asiri: duk burodin da ya fito a lanƙwashe ko ya ƙone ta gefe, namu ne. Gurgu muke ce masa. Da la'asar a raba, kowa ya rataya ledarsa a keke. 'Ya'yana sun daɗe suna zaton haka ake yin burodi, da ƙusumbi.

Mai rabon shi ne Baba, wani dattijon Babarbare da ke kula da tanda tun ranar da Alhaji, mai wurin, ya buɗe ƙofa.

Da fulawa ta yi tsada, wani ya hure wa Alhaji kunne cewa da gangan muke gurgunta burodi. Ya tara mu, ya ce daga yau babu rabo, kuma duk gurgun da ya fito za a cire kuɗinsa daga albashi.

Baba ya ce, "Alhaji, aikin tanda ne, ba namu ba."

Alhaji ya ce, "Baba, ita tanda ba ta da jikoki a gida."

Muka yi dariya, tunda mai gida ne ya faɗa. Baba bai yi ba.

Washegari ko gurgu ɗaya bai fito ba. Mun warkar da su: mu cusa su tsakiyar kwali, masu kyau a sama. Ni ne gwanin cusawa, Allah ya yafe mini. Baba bai sa hannu ba, bai kuma tona mu ba. Masu shayin unguwar Umarari da ke sayen burodinmu suka fara dawo da kaya, wasu suka sauya gida. Kafin wata biyu Alhaji ya gane an yi gudun gara an faɗa gidan zago, ya ce a koma yadda ake.

Mu dai murna muka yi. Baba ya raba kamar kullum, sai dai nasa kason ya bar shi a kan tebur. Kwana uku ana haka, Alhaji ya ɗauki ledar da kansa ya miƙa masa.

Baba ya ce, "Na gode, Alhaji. Jikokina sun saba da na saye."

Ya zaro kuɗi ya biya masu kyau guda biyu. Ranar na ji kunyar dariyar da na yi. Har na bar aikin, kullum ledar Baba a kan tebur take kwana.