Fatar da Baba Bai Yanke Ba

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi Baduku na Birnin Kudu, Allah ya jiƙansa. Waɗanda suka san shi a garin sun kusa ƙarewa, kuma a cikin 'yan ragowar ma, idan na ambace shi sai sun ɗan yi jim kafin su ce, "Af, mai akwatin dagi." Ba na jin haushin haka. Da yana raye ma haka zai so a tuna da shi, don shi mutum ne da bai iya dogon zance ba. Abin da ke ransa ta hannunsa yake fita.

Dukanci gadonsa ne. Gafakar Alƙur'ani, kuben wuƙa, takalma, jakar fatake, duk yana yi kamar yadda ubansa ya yi. Abin da ya bambanta shi da sauran dukawa ya faro ne gab da samun 'yancin kai, lokacin da wani Bature ɗan ƙasar Ailan, mai aikin haƙa rijiyoyi a ƙauyukanmu, ya kawo masa gyaran 'yar jakar tabarsa. A jikin jakar akwai wani zane mai sarƙaƙiya, wanda Baturen ya ce a ƙasarsu kakanninsu suna sassaƙa shi a duwatsu. Baba ya bi zanen da yatsa tun daga inda ya fara har ya dawo wurin, sannan ya ce, "Wannan ai daginmu ne, sai dai nasu ya fi son yawo." Dagi shi ne ƙullin nan da ake gani a gaban riga da bangon soro. Namu yakan zauna wuri ɗaya, nasu kuwa layi ne guda da ke tafiya, ya hau wani, ya shige ƙarƙashin wani, ya zagaye abu gaba ɗaya bai yanke ba. Baturen ya gama aikinsa ya koma gida, zanen ya zauna a kan Baba.

Yana da aboki masassaƙi a Dingaya ta ƙasar Gwaram, Malam Jibo, mai surutun da ya ishe su su biyu. Tare suka ƙirƙiro akwatin da aka san su da shi. Gangar jikin ta icen maɗaci ce, aikin Malam Jibo. Marfin kuwa ba katako ba ne, jar fata ce mai kauri da aka kafe a bayan akwatin, ana jawo ta ta rufe kayan da ke ciki, ta sauko ta gaba a ɗaure. Zanen yakan fara ne a kan icen gaba, ya hau fatar, ya tsallaka bayan akwatin, ya dawo. Ƙwarewar duka tana bakin fatar nan, inda layin da ke kan fata zai haɗu da layin da ke kan ice, har mai kallo ya rantse abu ɗaya ne.

A nan Baba yake da wata doka da ta sha ɓata wa masu saye rai. Ba ya yanke bakin fatar sai mai akwati ya zo da kayansa ya zuba a ciki. Dalilinsa a fili yake: akwatin malami mai littattafai da na Bafulatana mai zannuwa ba tudu ɗaya suke yi ba, kuma tudun kayan shi ke nuna inda fata za ta tsaya. Sai an cika, an ja, sannan ya sa alama, ya yanke, ya ƙarasa zanen a gaban mai shi. Wani attajiri ya taɓa aiko direbansa ya karɓo masa akwatinsa, Baba ya mayar da shi hannu rabbana. Inna ta yi ta mita, mu ma muka taya ta, shi ko a jikinsa.

Yayana Habibu shi ne ɗan fari a gidanmu, kuma kowa ya san kunyar da iyayen zamanin da suke yi wa ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba. "Yaron nan" ne, ko "wancan". Ba ya yabonsa, ba ya zama hira da shi, amma shi ya koya wa riƙon wuƙa da basilla, kuma Yaya ya iya, hannunsa ma ya fi na Baba sauri. Sai kuɗin mai ya shigo ƙasa. Manyan motoci suka riƙa wucewa ta titin garinmu dare da rana, takalman roba da akwatunan kanti suka cika kasuwa, samari suka fara jin kunyar warin jima a jikinsu. Yaya ya ce shi Fatakwal za shi, an ce ana neman masu koyon walda a wurin aikin mai. Ba a yi faɗa ba. Ni da a ce an yi faɗan ma da ya fi mini. Baba ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," ya ci gaba da ɗinkinsa, bai ɗaga kai ba.

Bayan damina sai ga Malam Jibo a kan kekensa da gangar akwati mafi girma da na taɓa gani sun yi. Lokacin na yi aure a Kangire, amma ina yawan zuwa gida. Na tambayi Baba na wane ne. Ya ce, "Na mai shi ne." Malam Jibo, wanda bakinsa ba ya riƙe komai, ya ce mini, "Ke 'yar nan, ba ki san ubanki ba? Na yayanki ne. Cewa ya yi in zaɓo icen da ya fi kowane bushewa." Wannan shi ne aikinsu na ƙarshe tare, don Malam Jibo bai ga wata daminar ba. Baba ya daɗe a kan fatar. Ya rina ta da karan dafi, ya zane ta tsaf, ya bar bakin babu zane, ya ajiye akwatin a kusurwar zaure.

Yaya ya zo Babbar Salla da wando mai faɗin ƙafa da rediyo da akwatin kanti mai zik. Ya kawo wa kowa tsaraba. Ranar da zai koma, Baba ya nuna kusurwar da haɓa, ya ce da Inna, ba da shi ba, "Ki ce wa yaron nan ya kawo kayansa a gwada."

Yaya ya dubi akwatin ya yi dariya. "Baba, wannan ai sai da jaki. Wace mota ce za ta ɗaukar mini shi har Fatakwal? A bari sai wani zuwan."

Baba ya ce, "To."

Wani zuwan ya zo sau biyu ko uku, kowane da gaggawarsa. Baba bai sake tayar da maganar ba. Amma duk lokacin da aka ce Yaya na hanya, sai in tarar an share ƙurar akwatin, an wasa wuƙa. Da ciwon ajali ya kama Baba, an aika wa Yaya, saƙon bai isa da wuri ba. Yaya ya iso an riga an yi sadakar uku. Bai kalli kusurwar zauren ba, ni kuma ban yi masa magana mai daɗi ba. Na faɗa masa abin da ke raina a gaban mutane, kuma har yau ban ce na yi kuskure ba.

Da Inna ta rasu akwatin ya dawo hannuna. Kowace shekara nakan shafa wa fatar man kaɗe don kada ta tsage. Dukawa biyu sun nemi in ba su su ƙarasa, na ce mai shi bai zo da kayansa ba. 'Ya'yana suna yi mini tsiya wai na gaji taurin kan Baba ban gaji sana'arsa ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Dagi ya cika ko'ina, a hula, a leda, a ƙofar ƙarfe, inji ke buga shi. Wata jikata ta nuna mini a wayarta hotunan masu sana'a na can ƙasar Baturen nan, suna yin jakunkuna da akwatuna da irin zanen, kowa a yi masa yadda ya ce. Na san abin da Baba zai yi. Ba zai yi wa'azin lalacewar zamani ba, ba halinsa ba ne. Zai sa yatsa ya bi layin, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Idan ya dawo inda ya fara, ya ce madalla, ko wane ne ya yi. Idan layin ya ɓace a hanya, ya miƙa maka kayanka kawai. Abin da nake jin zai ba shi mamaki shi ne a yi wa mutum abu nasa na kansa, mai yi da mai saye ba su taɓa zama a tabarma ɗaya ba.

Bara Yaya Habibu ya dawo gida gaba ɗaya. Aikin ya daɗe da ƙarewa, matarsa ta rasu, 'ya'yan sun watsu a kudu, walda ta cinye masa ido ɗaya. A gidana ya sauka da jakar leda guda. Na bar shi ya huta kwana biyu, sannan na sa aka fito da akwatin tsakar gida, na ajiye wuƙar Baba a kai.

Na ce, "Yaya, ga wani zuwan ya zo. Kawo kayanka."

Bai yi musu ba. Ya zuba riguna huɗu ko biyar, da bargo, da Alƙur'ani, da hular walda da ban san abin da zai yi da ita ba. Ko rabi ba su kai ba. Ya jawo fatar. Ta wuce bakin akwatin, ta rufe sassaƙar Malam Jibo gaba ɗaya, har ta kwanta a ƙasa. Na sha shafa wa fatar nan mai, amma ban taɓa lura da tsawonta ba sai ranar. Yaya kuwa baduku ne, ya san ba a barin fata haka kawai. Gwargwadon kayan da ake zaton mutum zai zo da su ake bari.

Hannunsa bai manta ba. Ya ja, ya daidaita, ya sa alama da farce, ya ɗauki wuƙar. Ni na ƙosa a gama, shekara arba'in ina jiran wannan yankan. Sai na ga ya mayar da wuƙar ya ajiye.

Na ce, "Me kuma ya faru? Idon ne?"

Ya ce, "Ba ido ba ne. Dubi abin da tsohon nan ya bar mini. Ashe haka yake zaton zan dawo." Ya shafa fatar da ta kwanta a ƙasa. "Bai taɓa faɗa mini ba, ko sau ɗaya. In na yanke nan, a ina zan sake gani?"

Na buɗe baki zan yi faɗa kamar yadda na saba, faɗan bai zo ba. Kuka ne ya zo, ni da na yi rantsuwa ba zan yi kuka a gabansa ba.

Akwatunan Baba ban san inda suke ba yanzu. Wasu gara ta ci, wasu magada sun jefar, ɗaya na taɓa gani a Maruta ana zuba dawa a ciki. Duk waɗancan an gama su, layinsu ya haɗu. Wanda ya rage mana shi ne wanda ba a gama ba. Yana ɗakin Yaya, kayansa na ciki. Kullum da safe idan ya ɗauki riga, sai ya naɗe ragowar fatar a hankali ya ɗora a kai, don kada ta taɓa ƙasa.

Allah ya jiƙan Malam Idi, ya jiƙan Malam Jibo, ya sa mu cika da kyau.