Motar Baba Ugo Tana Cikin Motocinmu

Duk ranar Asabar, kafin masu ƙosai su kwashe kaskon farko, Baba Ugochukwu ya riga ya baro Sabon Tasha da jakar sifanoninsa a kafaɗa. Ba garejinsa na Kakuri yake nufa ba. Gida-gida yake bi, daga Barnawa zuwa Narayi, duk inda ya san akwai tsohuwar fijo a ajiye. Yana isa sai ya ja benci ya zauna, ya ce mai mota ya tayar da ita, shi kuma ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bayan katanga.

Abin da ke ba mu haushi da shi, mu masu tsofaffin motoci, shi ne ba ya taɓa sifana a gidan mutum. Kai za ka kwanta a ƙarƙashin mota, baƙin mai na ɗigo maka a goshi, shi yana zaune yana ba da umarni da Hausarsa ta kasuwa wadda ba ta raba mace da namiji. Na taɓa yi masa ƙorafi, sai ya tambaye ni wa zan kira ranar da mota ta mutu mini a hanyar Kachia. Na koma ƙarƙashin mota. A haka na koyi wanke kafireta da canza filogi, na daina sayen sabon abu alhali tsohon zai gyaru.

Amma dalilin wannan rubutu Mama Eunice ce, maƙwabciyata a Barnawa, malamar firamare da ta yi ritaya. Marigayi mijinta, Sylvanus, ya bar mata farar fijo 504 wadda yake ɗibar iyali a ciki zuwa garinsu Zonkwa kowace Kirsimeti. Bayan rasuwarsa motar ta yi shekaru a gindin mangwaro, har kaji suka mai da kujerar baya wurin ƙwai. Ɗanta Clinton ya kawo 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa su yi mata kuɗi, kuma ban ga laifinsa ba, don ƙarfe ne ke ruɓewa a tsakar gida. Ta roƙe shi ya dakata zuwa Disamba, in motar ba ta motsa ba su ɗauka. Ta gaya mini ba za ta iya ganin ana saran motar da guduma ba.

Baba Ugo bai yi mata sassauci don tana mace ko don furfura ba. Sifana ya danƙa mata. Ita ta kankare tsatsa, ta ɗinke kujeru da kekenta na ɗinki, ta kai lagireto, tankin ruwan injin, aka liƙe. Ranar da injin ya yi tari ya tashi, unguwa ta ji guɗarta. Sai dai giya ta mutu murus, wadda aka samu a kasuwar Panteka kuma ta fi ƙarfin fanshonta. Disamba ta kama, Clinton ya fara zancen 'yan gwangwan. Sai ga Baba Ugo a keke da akwatin giya nannaɗe a buhu, wai wani abokinsa ne ya yar. Muka taru muka ɗaura, shi yana kan bencinsa. Da hannunta Mama Eunice ta tuƙa motar har Zonkwa, Clinton na gefenta yana washe baki.

Da ta dawo ta ce in raka ta gidan Baba Ugo ta kai masa doya da acca. Kowa ya san Baba Ugo yana da tasa fijon, shuɗiya, lulluɓe da tampol. Kullum zancensa in ya ajiye aiki zai tayar da ita ya tuƙa ta zuwa garinsu, can ƙetaren kogin Kwara. Mama Eunice ta ɗaga tampol don ta ga motar da ake ta yabo. Ƙwarangwal muka tarar. Babu giya, babu fitilu, babu kafireta. Nan take na tuna kafiretar da ke cikin tawa motar, wadda ya ce tsintuwa ya yi. Mama Eunice ta zauna a ƙasa tana kuka.

"Madam, tashi mana," in ji Baba Ugo. "Motata yana tafiya. Giya ya je Zonkwa, fitila yana Narayi. Ni ne kawai ban bi shi ba."

Bana Baba Ugo ya miƙa garejinsa ga wani, don hannunsa ya fara rawa. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Baba, kai ne ka hana mu zama 'yan kallo a gaban motocinmu. Kai ne ka fasa taka don tamu ta tashi, ka kuma rufe da tampol don kada mu ji nauyi. Inuwar gindin mangwaro, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara lafiya.

Ku da kuka iya wata sana'a, ku koyar da ita tun da sauran ƙarfi, kada ku tafi da ita. Mu da ke yawo da guntun motar Baba Ugo kuwa mun raba Lahadi a tsakaninmu, kowa da ranar da zai kai shi coci. Mama Eunice ta riga ta gaya wa Clinton cewa bana ba Zonkwa za ta yi Kirsimeti ba. Ka shirya jakarka, Baba, giyarka ce za ta kai ka gida.