Koren Tamfol

A shekarun da fari ya cinye dabbobin arewa, ina da rumfar hatsi a kasuwar Katako da tsohon kamiyo guda ɗaya, wato babbar motar kaya. Ƙanena ne ke tuƙa shi. Mai gadin rumfar wani dattijo ne Buzu, wanda raƙumansa suka mutu ƙaf, ya gangaro Yamai da iyalinsa. Na ɗauke shi ne don aikinsa da araha, ba zan ce tausayi ba ne.

Ya yi shekaru a wurina kafin tawaye ya ɓarke a arewa. Soja ke mulki har lokacin. Hatsi ya yi tsada a Agadas, masu motoci da yawa suka ja baya, ni kuwa na ga kasuwa. Motoci kan taru a Tawa su jira rakiyar soja, sannan su tafi a jere.

A makon da za mu yi lodi aka yi gwanjon tsofaffin tamfol na soja, koraye, masu kauri. Na sayi ɗaya ina ta yabon kaina. Da hantsi muka gama lodi, muka rufe buhuna da shi. Dattijon ya zagaya motar sau biyu, ya tsaya kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Alhaji, cire wannan."

"Don me, Baba? Ko ƙusa ba ta huda shi."

"Mutumin da ke kan dutse ba ya ganin fuskar ƙanenka. Launi yake gani. Kore a wurinsa motar soja ce."

Ƙanena ya yi dariya daga saman kaya. "Yaya, ka samu janar a rumfarka, kana biyan shi kuɗin gadi."

Ni ban yi dariya ba. A kwanakin nan ana kama Buzaye a gari kan zargi kawai. Duk wanda ya nuna ya san tunanin 'yan tawaye, yana iya kwana a hannun jandarmomi. Dattijon ya fi ni sanin haka, kuma ya yi magana. Mutum ba ya ɗaukar irin wannan kasada a kan banza.

Na sa aka sauke tamfol ɗin. Muka kai fararen buhunan fulawa wurin wani tela a Yantala, ya haɗa mana su ya yi rufi. Abin ya yi muni, ya kuma ci mana yini guda. Ƙanena ya tafi yana gunaguni.

Bayan Abalak aka buɗe wa jerin wuta. Motocin soja aka nufa, amma akwai kamiyon wani ɗan kasuwa da ya sayi tamfol a gwanjon da na saya. Direbansa bai dawo ba. Motarmu ce ta uku a bayansa, ko harsashi ɗaya bai taɓa ta ba.

Ran da ƙanena ya dawo, ya sauko daga mota ya wuce ni, ya je ya durƙusa gaban dattijon ya riƙe hannunsa. 

'Yan kasuwa suka yi ta tambayata wa ya ba ni dabarar farin rufi. Na san inda maganar za ta iya kaiwa, sai na ce daga kaina ta fito. Sun yabe ni, na karɓa ban musa ba. Babu wanda ya zo neman dattijon. Yanzu da babu mai iya kama shi nake faɗin gaskiya: shi ya tsirar mini da ƙanena. Allah Ya kai haske kabarinsa.