Ranar da Aka Kulle Kafinta a Coci

Duk wanda ya taɓa yin sujada a cocin nan na ƙarshen layi ya zauna a kan aikin hannun Kafinta. Bencinan duka shi ya yi, da mumbarin da fasto yake tsayawa, da ƙaton ƙyauren ƙofa. Amma ko da kuɗi aka sa, ba za a sami wanda zai ce ya taɓa ganin Kafinta zaune a kan ɗaya daga cikin bencinan nan tun daga waƙar buɗewa har zuwa albarkar rufewa ba.

Zuwa kam yana zuwa, ya ma riga kowa. Zai shigo da rigarsa ta Lahadi a goge, fensir maƙale a bayan kunne, ya raka matarsa har gurbinta, ya yi kamar zai zauna. Sai idonsa ya kai kan fankar da ke ƙara, ko tagar da iska ke bugawa, ya ce, “Bari in duba.” Shi ke nan, sai an tashi. Ana tsakiyar wa'azi sai a jiyo ƙwanƙwasar guduma a hankali daga bayan gini, kamar mai bin fasto da amin. Da haka sunan ya bi shi. Manya da yara Bari-in-duba suke ce masa, a gabansa kuma su ce Baba Kafinta.

Halin bai tsaya a coci ba. In ya je gidan mutane, sai ya jijjiga kujera kafin ya ɗora jikinsa, ya leƙa ƙarƙashinta, ya tambayi mai gida wane mara tsoron Allah ne ya sayar masa da ita. Ya taɓa zuwa gaisuwar mutuwa, ana zaune jugum, ya ji ƙofar ɗaki tana kuka, ya tashi ya kwance ta gaba ɗaya ya jingine a tsakar gida. Matarsa ta ce ran nan da ƙasa za ta tsage da ta shige.

Ita matar tasa, mai sayar da yadi ce, mai haƙuri amma bakinta da kaifi. Takan ce masa, “Baban yara, kai fa ran da aka buɗe maka ƙofar sama, cewa za ka yi a ɗan dakata ka duba ko ta zauna daidai.” Shi kuwa sai ya ce ai wani yana yi wa Allah hidima da baki, wani da hannu, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ta ce haka ne, amma ko jaki ana sauke masa kaya.

A wurin mahaifinsa ya koyi sana'a, kuma tsohon nan bai taɓa yabon aikin kowa ba. In ka gama teburi ka kira shi, zai zo ya bi katakon da babban yatsansa tun daga wannan gefe har wancan, ba ya kallonka. Inda yatsan ya tsaya, nan laifinka yake. In bai tsaya ba, sai ya juya ya tafi, wannan shirun shi ne ladarka. Kafinta ya tashi a gidan masu bi, an yi masa baftisma yana saurayi, bai taɓa shakkar akwai Allah ba. Sai dai a ransa Allah wani babban maigidan shago ne, wanda wata rana zai zo ya bi aikinka da yatsa. Shi ya sa addu'arsa gajeriya ce, a tsaye yake yin ta, kamar mai ba da rahoto: na yi kaza, saura kaza, zan ƙarasa. Mutumin da ya san ana zuwa duba aikinsa kuwa ina ya ga ta zama?

Wata Litinin da hantsi ya biya coci don an ce masa gara ta kama wani katako a ɗakin ajiya da ke bayan mumbari. Ya tarar da ƙofa a buɗe, Iya mai shara tana goge tagogi. Ya ajiye akwatin kayan aikinsa a baranda, wayarsa ma tana ciki, don leƙawa kawai zai yi ya fito. Ya gaishe ta, ba ta amsa ba, don Iya ta daɗe da yin sallama da kunnuwanta, kuma ta ba shi baya. Ya wuce ɗakin ajiya ya durƙusa yana ƙwaƙular katako da farce. Ita kuwa ta gama aikinta, ta waiga ba ta ga kowa ba, ta ja ƙyaure ta danna kwaɗo ta kama gabanta.

Da ya fito ya ga ƙofa a rufe, sai ya kama ta ya girgiza. Ko motsi ba ta yi ba. Cikin fushin ma sai da ya ɗan ji daɗi, don shi ya yi ta. Ya koma tagogi, ya tarar da ƙarafunan da shi da kansa ya nace wa dattawan coci sai an sa, saboda ɓarayi. Ya ɗaga murya ya yi ta kira, amma maƙwabtan cocin masu walda ne, injinsu ya haɗiye muryarsa ƙurmus.

Sai ya kama zagaye. Ya ga inda silin ya ɗan sauko, ya ga ƙusar da ta ɗago kai a ƙafar mumbari, ya ga tagar da ta karkace. Kowanne ya kai hannu gefensa don ya ɗauko guduma, sai ya damƙi iska. Ya yi ta kai da kawowa kamar zakaran da aka rufe a akurki, har rana ta take, gwiwoyinsa suka fara yi masa tuni da shekarunsa. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya zauna a wani benci na tsakiya.

Ba a jima ba ya gyara zama. Ya sake gyarawa. Majinginar a miƙe take ƙyam, tana tokare mutum a tsakiyar baya, wurin zaman kuma siriri, gefensa yana yankar cinya. Ya koma wani bencin, ya tarar duk kanwar ja ce. Nan ya tuna tsofaffin matan da suke zuwa sujada da ɗan matashi a hammata, waɗanda ya daɗe yana yi wa kallon masu son jiki. Ashe shekara da shekaru bayin Allah suna shan azaba a kan aikinsa, ba wanda ya iya buɗe baki ya faɗa masa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Kunya ta rufe shi. Abin da yake gudu tun yana yaro, ga shi ya cim masa, a cikin ɗakin Allah kuma. Ya sunkuyar da kai ya fara addu'arsa irin ta kullum, ya ce Ubangiji ya gani, zai gyara, gobe ma zai fara. Sai maganar ta ƙare masa. Masu walda sun tafi cin abinci, wurin ya yi tsit, ba abin da ke motsi sai hasken rana da ya faɗo ta taga a kan siminti.

A nan ne ya ji ba shi kaɗai ba ne. Bai ga haske ba, bai ji murya ba. Irin jin nan ne da yakan yi a shago, yana sunkuye yana yankan katako, ya san wani ya shigo ko bai waiga ba. Ya ƙanƙame jikinsa yana jiran a bi shi da yatsa, a tsaya inda laifin yake. Ya jira, ya jira, ba a taɓo zancen benci ba, ba a taɓo zancen komai ba. Wanda ya zo ɗin zama kawai ya yi da shi, kuma yana murna da shi. Kafinta ya san irin wannan zaman, don ya taɓa yin sa a bakin gado lokacin da aka haifi 'yarsa ta fari, yana kallonta tana barci, ba ta tsinana masa komai ba, shi kuma ji yake duk duniya ba abin da ya kai ta. Bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai mai yi masa irin wannan kallon ba.

Hawaye suka zubo masa, ya bar su. Mutumin da ko a jana'izar mahaifinsa yana can yana daidaita murfin akwatin gawa, yau ga shi yana kuka kamar yaro, hannuwansa a kan cinya ba abin da suke riƙe da shi. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne, “Ga ni, Uba.” Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a haka ba.

Da la'asar matarsa ta ga bai dawo cin abinci ba, waya kuma ba a ɗauka, ta bi sawunsa har coci. Ta ga akwatin a baranda da kwaɗo a ƙofa, ta gane abin da ya faru, ta je ta taso Iya. Tana tafe tana shirya abin da za ta ce don ta kwantar da shi, don ta san za ta tarar da shi ya cika fam. Da aka buɗe sai ta hango shi zaune, shiru, idanu sun yi ja. Ta ƙarasa da sauri ta dafa goshinsa.

“Baban yara, lafiya? Faɗuwa ka yi?”

“Lafiya lau. Zo ki zauna.”

Ta zauna a ɗarare tana kallonsa. Can ya ce, “Ashe bencin nan ciwo yake sa wa mutum.”

“Yau ka sani?”

“Me ya hana ki faɗa mini?”

“A ina zan same ka zaune in faɗa maka?”

Ya yi dariya har da tari. Iya, wadda ba ta ji ko ɗaya ba, tana tsaye tana ta ba da haƙuri. Ya kama hannunta biyu ya yi mata godiya, abin da ya ƙara rikita ta. A hanyar gida ya gaya wa matarsa sauran, guntu-guntu, yana neman kalmomi kamar mai lalube a akwatin ƙusoshi. Wannan karon ba ta tsokane shi ba.

Ba a ce ya zama mala'ika ba. Lahadin da ta biyo ya zauna kusa da matarsa, fanka ta fara ƙararta, yatsunsa suka dinga motsi, sai da ta danne bakin rigarsa da jakarta. Jama'a suka yi ta waige, fasto ma da ya hango shi sai da ya nemi inda ya tsaya a karatu. Amma ya zauna har aka tashi, ya kuma rera waƙoƙin, aka gano ashe muryarsa ba ta da daɗi ko kaɗan. Bai damu ba, yana yi yana share ido.

Bencinan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa, ba gaggawa. Kafin ya taɓa kowanne sai ya kira tsofaffin matan nan ya ce su zauna su faɗa masa gaskiya. Suka kuwa zazzage masa ta shekaru, yana saurare yana gyaɗa kai. Fasto ya roƙe shi ya ba da shaida a gaban jama'a. Ya tashi ya ce shi dai ya daɗe yana yi wa Maigida aiki bai taɓa zama sun gaisa ba, sai da aka kulle shi, ya koma ya zauna. Bayan sujada mata suka yanyame Iya, kowacce tana tambayar yaushe za a kawo nata mijin a danna masa kwaɗo.

A gida ma an ga sauyi. Kafin ya buɗe shago yakan zauna a kan wani guntun katako, ƙofa a saye, ya yi shiru na ɗan lokaci. Wani lokacin yana jin kusancin nan kamar na ranar farko, wani lokacin ba ya jin komai sai ƙaiƙayin sauro, amma ya ce ko bai ji ba ya san ana nan. Faɗa ya ragu. In abokin ciniki ya kawo ƙorafi, yana bari ya kai aya.

Babban gwajin ya zo ne daga surukinsa, mijin 'yar tasa, malamin makaranta wanda bai san kan guduma da gindinta ba. Yaron nan ya yi hutu, ya sayi katako ya harhaɗa teburin cin abinci da hannunsa, aka kuma gayyaci iyaye su zo a ci a kai. 'Yar ta bi uwarta da waya tana roƙo a ja wa Baba kunne. Suna shiga Kafinta ya ga ƙafa ɗaya ta gaza sauran, ƙusoshi kuma sun leƙo kamar haƙoran kada. Ya kau da kai, ya ja kujera ya zauna. Ana zuba miya, surukin ya dafa gefe, teburin ya rusuna, miya ta gangaro ta sauka a cinyar Kafinta. Surukin ya miƙe zumbur.

Kafinta ya dubi rigarsa, ya dubi yaron, ya ce, “Zauna, ɗana. Nawa na farko ma ƙofa aka yi da shi daga baya. Wa ya nuna maka yadda ake yi?”

“Ba kowa, Baba. Ni dai na ga kamar zan iya.”

“To ran Asabar ka zo shago.”

Ya kuwa zo, kuma har yanzu yana zuwa. Maganar gaskiya hannunsa bai faɗa ba, kusan kowane mako sai ya daki yatsansa, kuma katakon da ya ɓata ya isa a yi rumfa. Masu wucewa da yamma sukan hango su biyu a cikin shago, an ture zarto gefe, an ɗora butar shayi a kan teburin aiki. Surukin yana ba da labarin 'yan ajinsa, tsohon yana dariya yana tambayar yadda aka ƙare.