Shunin Rawanin Malam Barau

Duk Gumel an san Ɗantsoho mai hoto. Ɗan manomi ne daga Gagarawa Tasha, ya faro sana'a da ɗaukar hoton dillalan shanu ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, har Allah ya ba shi shago da kwamfuta. Mutum ne mai kirki, sai dai son a ce shi ɗan birni ne ya yi masa katutu.

Yana da idon kyamara mai faɗi wanda ke kwashe taro gaba ɗaya, amma da aibinsa: wanda duk ya tsaya a gefe, sai wani siririn zare shunayya ya bi bakin farar rigarsa. Ɗantsoho ya iya goge shi da manhaja, yakan ma yi fariya da hakan.

Ranar walimar saukar 'yarsa Juwairiyya, mahaifinsa Malam Barau ya zo da rawani ɗan Kura, gadon kaka, wanda ba ya fitowa daga adaka sai da babban dalili. Shuni na ƙyalli, ya ɗan taɓa wuyan riga da gemu, yadda dattawa ke so. Da aka zo hoto, Ɗantsoho ya jera abokansa ma'aikata a tsakiya.

"Baba, ɗan matsa can gefe," ya ce, bai ko dube shi ba.

Tsoho ya matsa.

Da ya buɗe hoton a kwamfuta, ga zaren nan a gefe. Gaggawa aikin shaiɗan! Ya ja ma'aunin gogewa na manhajar har ƙurya, ya buga, ya sa a gilashi, ya share na asalin daga katin kyamara kamar yadda ya saba. Ita kuwa manhaja ina ta san shunin Kura? Duk abin da ya yi kama da shunayya a gefen nan ta lashe shi.

Ranar Juma'a ya kai hoton gidan mahaifinsa, aka miƙa wa Malam Barau a zaure gaban maƙwabta. Tsoho ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana nema kafin ya sami kansa can bakin katakon hoton, da wani rawani toka-toka kamar tsumman goge tukunya.

"Kai, wa ya wanke min rawani?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da Ɗantsoho ya shige. Ya fara kame-kame, wai laifin kyamara ne, ita ce ke ɓata na gefe, shi gyara ya yi.

"Na tsakiya fa?"

"Su ba ta taɓa su, Baba."

"Ka kuwa san haka tun ranar?"

Ɗantsoho ya sunkuyar da kai. Malam Barau ya goge gilashin da hannun riga, ya rataye hoton a ƙusar da ke kallon ƙofa.

"Ba komai," ya ce. "Ai Juwairiyya ta fito da kyau."

Har yau yana nan rataye, kuma duk Juma'a a ƙarƙashinsa Ɗantsoho ke durƙusawa ya gaida mahaifinsa.