Hajiya Sa'adatu ta Ɗakin Kati

Ina bakin tagar ɗakin kati bayan sallar azahar, ina nema wa wata tsohuwa daga Kutama fayil ɗinta, babban ɗan Hajiya Sa'adatu ya kira ni ya ce rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na miƙa wa tsohuwar katinta, na zauna a kujerar da Hajiya ta shekara ashirin a kai. Kuka na so yi, amma ɓacin rai ya riga shi.

Hajiya 'yar Gammo ce ta ƙasar Kabo, aure ya kawo ta Gwarzo. A hannunta na koyi aiki a wannan ƙaramin asibiti da ba zan kama sunansa ba. Ranar da na fara, kafin ta nuna mini inda biro yake, ta ce, "Abin da idonki ya gani a fayil, ki bar shi a fayil. Ko mijinki ba shi da rabo a ciki."

Na ga ranar da wani Alhaji mai faɗa a ji ya zo yana son a karanta masa sakamakon gwajin ƙaninsa. Ta gaishe shi da ladabi har da rusunawa, ta ce ya je ya zo da mai ciwon. Ya yi faɗa, ya kai ƙara. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma buɗe fayil ba.

Da aka kawo kwamfuta, aka ba ma'aikata duka lambar sirri guda ɗaya, aka rubuta ta a takarda aka manna a bango. Sau uku Hajiya tana rubuta wa shugabannin asibiti cewa a ba kowa tasa, don a san wanda ya buɗe me. Suka ce tsufa ne ke damunta. A bayan idonta ana kiranta Hajiya Kwaɗo, wai don komai sai ta kulle. Ni ma na taɓa yin dariya, kuma yau ina jin kunyar hakan.

Bara ciwo ya kama ta. 'Ya'yanta suka ce a tafi Kano, ta ce a fara gwajin a nan, wurin mutanenta. Sakamako ya fito: ciwon daji. Ta yi niyyar ta je Gammo da ƙafarta ta zauna da mahaifiyarta, Inna, wadda ta haura tamanin, ta faɗa mata a hankali. Ba a bar ta ba. Wani cikinmu ya buɗe fayil ɗinta, ya ɗauki hoton allon kwamfuta da waya, ya tura wa wani, wai don a taya ta da addu'a. Kwana biyu hoton ya isa Gammo. A gidan suna Inna ta ji, daga bakin wata maƙwabciya da ta zo yi mata jaje a gaban mutane. Faɗuwa ta yi a wurin, kuma har yau ƙafarta ɗaya ba ta taka ƙasa sosai.

Aka ce za a yi bincike. Amsar da aka bayar ita ce ba za a iya gano kowa ba, tunda lamba ɗaya kowa ke shiga da ita. Abin da Hajiya ta yi shekaru tana faɗa, shi suka ɗauko suka wanke kansu da shi.

Sau ɗaya ta dawo asibitin, ta rame, ɗanta na riƙe da ita. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ta dubi shugabanmu ta ce, "Nawa sirrin ya riga ya fita. Na sauran mutane fa?"

Takardar lambar sirrin nan tana manne a bango har safiyar da Hajiya ta rasu. Wanda ya ɗauki hoton yana cikinmu, wataƙila ma ya zo gaisuwa ya ɗaga hannu an shafa da shi. Hajiya ta ce ta yafe masa. Ni ban kai nan ba tukuna, Allah Ya sani.

Allah Ya jiƙan Hajiya Sa'adatu, Ya haskaka makwancinta, Ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Allah Ya ba Inna lafiya da juriya, Ya tsaya wa 'ya'yanta biyar da Malam mahaifinsu. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.